Ɓarɓashin bangon jijiya

Ɗana, jiya muna wanke gilasan gwajin jini ka ce ka karanta wani sinadari mai suna ICAM-1 na hawa a jinin yaron da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, to me ya hana mu auna shi nan Garwa? Jawo kujera.

Cikin jijiyar jini santsi gare shi. In cuta ta shigo, sai bangon ya fito da wasu sunadarai masu danƙo, irin su ICAM-1 da VCAM-1 da E-selectin, don fararen ƙwayoyin jini su sami abin kamawa su ratsa zuwa wurin kumburi. Ita kuwa falsifarum, ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro, makira, sai ta sa jar ƙwayar jinin da ta shiga ta tsiro da nata danƙon, PfEMP1, ta maƙale wa ICAM-1 a ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Abin da ake aunawa ɓarɓashi ne da ya guntule daga bangon yana yawo a jini.

Sai dai ɓarɓashin bai san sunan cuta ba. Mai sikila VCAM-1 ɗinsa a sama yake, haka mai ciwon suga, haka mai juna biyu da hawan jini ya kama. Hayaƙi ka hango, ba ka san ko madafi ne ko rumbu ba. A kawo yaro yana fizge-fizge a watan Satumba, ɗigon jini a gilashi da ya nuna falsifarum ya isa likita ya yi masa allurar artesunate, maganin zazzaɓin. Gwajin ELISA kuwa, wanda da shi ake auna ɓarɓashin, sai ka tara samfura sun cika faranti mai rami 96, ka kashe wuni a kai. Aikin masu bincike ne.

Kuma ba ya yafe sakaci. P-selectin, wani daga cikin masu danƙon, na ajiye cikin ƙwayoyin da ke sa jini gudaji. Ka bar jini ya yi gudaji a kwalba, su zubo nasu, lamba ta hau ta ƙarya. Ruwan jinin da bai yi gudaji ba ake so, a juya shi a injin da ke raba ruwa da ƙwayoyi da wuri, a sa a firiza a digiri -20, in da hali -80. Wata shekara cikin Afrilu, zafi ya haura 40, wuta ta ɗauke mana kwana biyu. Na buɗe firiza na tarar samfuran wata uku sun narke, takardun jikin kwalabe sun jiƙe har lambobin sun goge. Duk muka zubar.

Tashi ka duba gilasan can, Giemsa, rinin da muke zuba wa jini, ta kama, kar ta wuce lokaci.