Shiri mai dogon zango kan gidan yari ba sai da tserewa ba

Malam, ka tambaya ko shirin talabijin da kake rubutawa kan rayuwar gidan yari zai ja masu kallo idan babu tserewar fursunoni a cikinsa. Zai ja su ƙwarai, matuƙar ka gina labarin a kan masu jiran shari'a, domin su ne suka fi yawa a gidajen yarin Najeriya, waɗanda tun 2019 ake kira gidajen gyaran hali.

Duk wanda ya taɓa zuwa ziyara gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse a Kano, kamar yadda na sha yi, ya san labarin yana farawa ne daga bakin ƙofa, inda iyaye mata ke jira riƙe da kular abinci, kowace tana lissafin ranar da za a mayar da ɗanta kotu.