Hoton anko da asarar da na tafka a Kantin Kwari

Ɗana, ka tambaye ni yadda muke nazarin hotunan da jama'a ke ɗorawa a Instagram da Facebook har mu gaya wa ɗan kasuwa abin da ya kamata ya tallata, sannan ka ƙara da cewa ai yanzu manhaja ce ke yin aikin. Wannan ƙarin naka ne ya sa na ajiye abin da nake yi, domin irin wannan tunanin ne ya taɓa jawo mini asarar kuɗi da zubewar mutunci a rana ɗaya.

Ba zan ɓata lokaci ina koya maka yadda ake tara hotuna ba, domin duk yaron da ke riƙe da waya ya iya. Manhaja kuwa ba sabon abu ba ce yadda ku yaran zamani kuke ɗauka. A 2014 ma an yi wani kamfani a Amurka mai suna Ditto Labs da ke bin hotunan mutane yana zaƙulo tambarin kayayyaki a jikin kwalba da riga. Bayan badaƙalar Cambridge Analytica a 2018, wato kamfanin da ya yi amfani da bayanan masu Facebook ba da izininsu ba, aka toshe yawancin hanyoyin kwasar bayanai, kuma a nan gida akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, saboda haka ka tsaya a kan hoton da mai shi ya buɗe wa kowa, kada ka adana fuskar kowa.

Wani Alhaji mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ya ba ni aiki gabanin ƙaramar Salla, yana son sanin launin da mata za su fi nema. Na tara hotunan bukukuwan Kano da Kaduna na wata uku, manhaja ta ƙirga, sai ga wata atamfa ruwan goro mai zanen ganye ta yi wa sauran fintinkau. Na rubuta rahoto cike da alfahari, shi kuma ya yi odar diloli, muka kashe kuɗin talla a kanta. Salla ta zo ta wuce, turamen suna jibge a shago suna shan ƙura.

Sai da na koma na buɗe hotunan ɗaya bayan ɗaya da idona na ga abin da ya faru. Bayan matan akwai labule iri ɗaya, kujeru masu farar riga iri ɗaya, har da kwalin kyautar amarya iri ɗaya a kan kowane tebur. Ashe yawancinsu daga bikin gida biyu ne na masu hali, inda aka fitar da anko, kowace ƙawa ta ɗora hotonta sau biyar ko shida tun daga kamu har walima. Manhaja ta ƙirga ɗaruruwan masu saye, alhali mata biyu ne suka zaɓi atamfar, wato iyayen amaren. Abin da ya fi muni shi ne, macen da ta riga ta sa anko ba za ta sake sayen irinsa don Salla ba, wadda ba ta je bikin ba kuma ba ta so a ce ta kwaikwayi ankon wasu. Ga kuma filta da ke ƙara wa launi haske, har wasu hotunan da aka jefa cikin ruwan goro ashe ruwan ƙasa ne.

Laifin nawa ne, na amsa, amma Alhajin bai tsaya nan ba. Ya hana ni ragowar kuɗina, har da na aikin da muka gama tun kafin wannan, ya kuma bi layi yana gaya wa maƙwabtansa cewa boko ya cuce shi. Shekara guda ban sami aiki a wannan layin ba, kuma har yau idan muka haɗu a masallaci shi ne ke fara kawar da kai.

Gobe da safe ka zo da hotunan da aka tara don aikin mai sayar da mayafin nan, ka ware su biki-biki kafin ka ƙirga komai, ka ɗauki kowane anko a matsayin saye ɗaya, sannan ka fi mai da hankali kan abin da mata suka sa a ranar da babu biki. Kuma ka kashe waƙar nan da kake toshe kunne da ita idan kana aiki a ofishina.