Ƙwallo mai karkacewa dama da bugu uku a bakin rami: yadda za ka gano matsalar da kanka

Assalamu alaikum, ɗan'uwa. Na karanta tambayarka, inda ka ce ƙwallonka ta golf tana lanƙwasawa dama duk sa'ad da ka ɗauki direba, wato doguwar sandar bugun nesa, wani lokaci sanda ta daki ƙasa kafin ta taɓa ƙwallo, sannan idan ka iso kusa da rami sai ka yi bugu uku kafin ta faɗa. Ka kuma ce ba ka samu koci a nan Birnin Kebbi ba, abokan wasa kuwa abu ɗaya suke ta nanata maka, wai kana ɗaga kai. Na daɗe a wasan golf, kuma mafi yawan atisayena ni kaɗai nake yi a fili, saboda haka zan faɗa maka abin da na ga yana aiki. Zan ɗauka da hannun dama kake bugu. Idan bahago ne kai, sai ka juya duk abin da na ce.

Ka fara ajiye zancen ɗaga kai a gefe. Annika Sorenstam ta ƙasar Suwidin ta ci gasa 72 a zagayen ƙwararrun mata na Amurka, alhali tana juya kanta ta bi ƙwallo da ido tun sanda ba ta gama wucewa ba. Na ga mutane da yawa sun sandare wuya saboda wannan shawara, jikinsu ya kasa juyawa, bugun ya ƙara lalacewa. Abin da kake ji a jikinka lokacin lilon sanda ba abin dogaro ba ne, domin dukan motsin bai kai daƙiƙa biyu ba. Shaidun da za ka riƙe su ne tafiyar ƙwallo a sama, da tabon da ta bari a fuskar sanda, da alamar da sanda ta bari a ƙasa.

Duk lokacin da ka buga, ka lura da inda ƙwallo ta fara nufa, sannan ka lura da inda ta lanƙwasa daga baya. Na'urorin rada da ake auna bugu da su a yau sun nuna cewa inda fuskar sanda ke kallo a lokacin haɗuwa shi ne ke yanke kusan kashi 80 cikin 100 na inda ƙwallo za ta fara nufa. Lanƙwasawar kuwa tana zuwa ne daga saɓanin da ke tsakanin fuskar da hanyar da kan sanda ya biyo. Idan taka tana fita hagu kaɗan ko ta miƙe, sannan ta yi dama, to sandarka tana yanko ƙwallo daga waje zuwa ciki, kamar yadda mai yankan shinkafa ke janyo lauje zuwa jikinsa, fuskar kuma a buɗe take, wato tana kallon dama fiye da hanyar da sandar ke bi. Abin takaicin shi ne, mai wannan matsala yakan ƙara saita jikinsa hagu don ya rama, wannan kuwa yana ƙara yankan ne, ƙwallo ta ƙara tafiya dama.

Kafin ka taɓa lilon kansa, ka duba riƙonka, domin a wurin yawancin waɗanda na tsaya a bayansu na kalla, daga nan ɓarnar take farawa. Ka riƙe sanda ka sunkuyar da ido kan hannunka na hagu. Idan gaɓar yatsa ɗaya kawai kake gani a bayan hannun, to hannun ya juya hagu da yawa, kuma fuskar sanda za ta iso a buɗe komai ƙoƙarinka. Ka murɗa hannun hagun zuwa dama kaɗan har ka ga gaɓoɓi biyu ko uku, tsagar da ke tsakanin babban yatsa da manuni ta nufi kafaɗarka ta dama, sandar kuma ta kwanta a gindin yatsu, kada ta hau tsakiyar tafi. Sabon riƙon zai yi maka banbarakwai na ɗan lokaci, ƙwallo ma za ta iya fara tafiya hagu kai tsaye. Kada ka koma tsohon riƙo, domin wannan alama ce cewa fuskar ta gyaru, saura hanyar sanda. Don gyara hanyar, ka ajiye kwalin da babu komai a ciki ta gefen ƙwallo da ke nesa da kai, ɗan baya kaɗan, da tazarar yatsu uku. Muddin kana yankowa daga waje za ka daki kwalin, jikinka kuma da kansa zai nemi hanyar ciki don ya kauce masa.

Akwai wani gwaji da mutane ke rainawa. Ka barbaɗa hoda a fuskar direba, ka buga, ka duba tabon. Idan yana kusa da gindin kan sanda, wato ɓangaren fuskar da ya fi kusa da kai, wannan kaɗai ya isa ya juya ƙwallo dama ko da lilonka lafiya lau yake, kuma sau da yawa maganinsa ja da baya ne kaɗan daga ƙwallo.

Batun dukan ƙasa kuwa, mu nan muna da abin da ya fi kowane ɗakin atisaye, wato yashi. Ka je bakin fadama da sassafe kafin rana ta yi zafi, ka ja layi a yashi da kan sanda, ka tsaya yadda layin zai kasance a tsakiyar ƙafafunka, ka ɗauki sanda mai kan ƙarfe mai lamba 7 ka yi ta lilo babu ƙwallo. Bayan kowane lilo ka duba inda ramin ya fara. Bugu mai kyau yana barin layin kusan yadda yake, ya kwashe yashin da ke gabansa, ɓangaren da ƙwallo za ta tafi. Idan naka yana farawa a bayan layi da faɗin tafi, to nauyinka ya tsaya a ƙafar dama, ko kuma kana ƙoƙarin ɗebo ƙwallo sama da hannu, aikin da karkatar fuskar sanda za ta yi maka da kanta. Ka tabbata a ƙarshen lilo nauyinka ya koma ƙafar hagu, diddigen dama a ɗage, cibiyarka tana kallon inda ka nufa. Wannan ya fi muhimmanci a lokacin hunturu, sa'ad da ƙasa ta bushe ta yi tauri, domin sandar da ta riga ƙwallo taɓa ƙasa takan yi tsalle ta daki ƙwallon a tsakiyarta.

Idan kana da mai riƙe maka waya, ya ɗauke ka bidiyo daga baya a tsayin hannunka, ya kuma ɗauka daga gaba. Amma ka kalla da tambaya ɗaya tak a ranka, in ba haka ba za ka ga aibu goma ka rasa wanda za ka kama.

Bugu uku a bakin rami, a ganina, matsalar ƙarfi ce fiye da matsalar saiti. Ka riƙa rubuta inda bugunka na farko ke tsayawa. Idan yakan gaza ko ya wuce da fiye da mita 1, to auna nisa ne aikinka. Ka jera ƙwallaye a tazarar mita 3, 6 da 9, ka bar tsawon janyewar sanda ya zama shi ke ƙara nisa, kafaɗu su yi motsin, wuyan hannu ya tsaya cik. Dave Pelz, Ba'amurken da ya yi dogon bincike a kan wannan fanni, ya ba da shawarar ƙarfin da zai sa ƙwallo ta wuce rami da kamar santimita 43 idan ba ta faɗa ba. Ka kuma tuna cewa wurin rami na yashi, irin na wasu filayenmu na Arewa, ba gudunsa ɗaya da ciyawar filin IBB na Abuja ba, don haka duk filin da ka je ka fara gwada gudun wurin kafin a soma wasa.

A gajeren bugu kuwa fuskar sanda ce komai. Faɗin rami milimita 108 ne, kuma karkacewar digiri 1 kacal a tazarar mita 3 tana kautar da ƙwallo da kusan santimita 5, wato har leɓen ramin. Ka kafa tsinke biyu a ƙasa, ɗaya a kowane gefen kan sanda, da ɗan sarari kaɗan, ka riƙa turawa daga mita 1 ba tare da ka taɓa su ba. Tiger Woods ya shahara da wannan atisaye. Ana iya yinsa a kan darduma a ɗaki da ƙusoshi biyu a kwance. Don ka san inda idonka yake, ka tsaya yadda ka saba, ka saki wata ƙwallo daga tsakanin idanunka, ya kamata ta faɗo kan ta ƙasa ko ta ɓangarenka kaɗan. Kuma kada ka matsa wa kanka, domin ƙwararrun Amurka ma kusan rabi suke jefawa daga ƙafa 8, wato kamar mita 2.4.

Da ni ne kai, da riƙo kawai zan kama a makonni biyun farko, sannan layin yashi, kwalin ya zo daga baya, atisayen rami kuwa kullum ko da na minti goma ne. Idan ka yi gwajin hodar, ka faɗa mini inda tabon ya fito da kuma inda ƙwallo take fara nufa, daga nan za mu san ko kwalin ne aikinka na gaba ko tsayuwa. Allah ya taimaka.