Ƙanƙara ta lotsa rufin gidana: faci zan yi ko sabo zan buga?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Makon jiya an yi ruwa da ƙanƙara a wajenmu, manya-manya, wasu sun kusa kai ƙwan kaza. Rufin gidana na kwano ne, shekararsa tara. Yanzu duk ya lotse ta ɓarin da iska ta kaɗo, silin ɗin ɗaki ɗaya kuma ya yi tabo. Na kira masu gyara biyu. Na farko ya ce faci ya wadatar, na biyu ya ce sai an yaye rufin gaba ɗaya, kuma kuɗin da ya yanka ya ninka na farkon sau shida. Ina da inshorar gida amma ban taɓa neman diyya ba. Wanne zan bi, kuma yaya zan gane kuɗin da ya kamata gyaran ya ci?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye na gaba.

Kada ka ba kowannensu aikin tukuna. Tazarar da ke tsakanin kuɗin nan biyu ta nuna ba aiki ɗaya suke yi wa farashi ba. Ɗaya yana maganar toshe yoyo, ɗayan yana maganar sabon rufi, kuma a abin da ka rubuto babu wanda ya nuna maka inda ruwan yake shiga. Kuɗin gyaran rufi bayan ƙanƙara yana rataye ne a kan tambaya guda: ɓarnar ta taɓa aikin rufin, wato hana ruwa shiga, ko kyawunsa kawai ta taɓa? Kwanon da ya lotse amma bai huje ba, fentinsa bai tsage ba, bakinsa bai ɗaga daga kan ɗan'uwansa ba, zai iya ƙara shekaru masu yawa yana aikinsa. Zai yi muni a ido, shi ke nan. Wanda ya huje ko ya saki ƙusa kuwa, ko hujin bai kai kan yatsa ba, shi ne mai cin kuɗi, domin abin da ke ƙarƙashinsa yake lalatawa.

Girman ƙanƙarar da ka ambata ya isa ya yi ɓarna ta gaske. Idan faɗin ƙanƙara ya ninka biyu, nauyinta ninki takwas yake yi, saurin faɗowarta ma ya ƙaru, sai ƙarfin dukan ya kai kusan ninki 16. Shi ya sa ƙanana suke ta ƙara a kan kwano su narke ba su bar komai ba, manya kuwa a cikin mintuna kaɗan su gama da rufi. Hukumar yanayi ta Amurka tana ɗaukar ƙanƙarar da faɗinta ya kai santimita 2.5 a matsayin mai haɗari, taku kuwa, in ta kusa ƙwan kaza, ta doshi santimita 4 ko fiye. Akwai waɗanda suka fi haka nesa ba kusa ba: wadda ta faɗo a garin Vivian na jihar Dakota ta Kudu a watan Yulin 2010 faɗinta ya kai santimita 20. Kaurin kwanonka ma yana da ta cewa. Mai kaurin milimita 0.2 ba zai jure abin da mai milimita 0.5 zai jure ba, kuma alminiyam ya fi ƙarfe saurin lotsewa.

Abin da nake so ka fara yi ba ya cin ko sisi. Da rana tsaka, ka sa wanda ya saba ya leƙa cikin silin ta ƙofar da aka bari, ya kashe tocila na ɗan lokaci ya duba ko haske yana ratsowa ta wani wuri. Sannan ya kunna ya bi katakan ɗaya bayan ɗaya, yana taɓawa, yana neman jiƙa ko baƙin layin da ruwa ya bari. Nan mutane da yawa suke ruɗewa. Tabon silin ba kasafai yake daidai ƙarƙashin hujin ba. Ruwa yakan shiga ta sama, ya bi jikin katako ya gangaro mita biyu ko uku, sannan ya ɗiga. Mai gyaran da ya dubi tabo ya hau ya shafa gam a daidai saitinsa, ya karɓi kuɗinka ne kawai, ruwan sama na gaba zai dawo da kai inda kake.

Akwai kuma wani abin da ya kamata a bincika kafin a yanke wa kwanon hukunci. Ƙanƙara takan taru ta cushe indararo da kwarin da ɓarin rufi biyu suke haɗuwa. Ruwa ya rasa hanya, ya taru, ya koma baya ya kutsa ta ƙarƙashin bakin kwano. Da ƙanƙarar ta narke, hanyar ta buɗe, yoyon ya tsaya. Idan ɗakin da ya yi tabo yana kusa da irin wannan kwarin, kuma ruwan da aka yi daga baya bai ƙara tabon ba, mai yiwuwa rufinka bai huje ko'ina ba.

Daga nan sai a hau sama, bayan rufin ya bushe sarai. Kada ka hau da kanka in ba ka saba ba, faɗowa daga rufi ta fi kowace ɓarnar ƙanƙara tsada. Mai hawan ya taka daidai layin ƙusoshi, inda katako yake a ƙasa, ya riƙe alli yana zagaye duk wurin da ya huje ko fentinsa ya fashe har ƙarfe ya bayyana. Irin wannan wurin yau ba ya yoyo, amma tsatsa za ta kama shi. Ya duba robar da ke ƙarƙashin kan kowace ƙusa ko sukuru, don a rufi mai shekara tara mai yiwuwa rana ta riga ta busar da ita, dukan ƙanƙara kuma yana ƙarasa fasa ta. Ya duba kwanon da ya rufe tsakiyar rufin a can ƙololuwa, da wanda aka lanƙwasa a jikin bango, da duk inda bututu ya ɓullo. In akwai farantan sola ko kwanon roba mai shigo da haske, su ma a duba su. A ɗauki hoton komai. In da wani ɓangare na gidan da aka rufe da tsohon rufin asbestos, kada a fasa shi, kada a yanka shi, kada a share ƙurarsa a bushe. Ƙurar tana illa ga huhu, kuma kwashe shi aiki ne na masu horo, da nasa kuɗin daban.

Da wannan binciken a hannu, lissafin kuɗin ba wuya. Ana yin sa ne a kan murabba'in mita, kuma faɗin rufi kullum ya fi faɗin ƙasan gida. Mu ɗauka gidanka mita 10 ne da mita 12. In rufin ya fito da rabin mita ta kowane gefe, ya zama 11 da 13, wato murabba'in mita 143. In gangarensa digiri 30 ne, sai ka ninka da 1.15, ka samu kusan 165. Ka ƙara kamar kashi 10 cikin ɗari saboda yanke-yanke da abin da zai lalace, ka tashi da kusan 180. Rufi mai tsinin digiri 45 kuwa da 1.41 ake ninkawa. Ka tambayi farashin murabba'in mita ɗaya na irin kwanonka a wurin masu sayarwa biyu ko uku, ka ninka. Kuɗin kwanon sabon rufi gaba ɗaya ke nan. In ɓarin da iska ta kaɗo kawai za a canza a rufi mai ɓari biyu, rabin wannan ne. In falle goma ne suka huje, kuɗin falle goma ne.

Sai dai kwano shi ne sashen da ya fi sauƙin lissafi. Kuɗin aiki ba ya raguwa daidai da raguwar aikin: mai gyara zai zo da yaransa da tsaninsa da motar kaya ko falle biyar zai canza ko hamsin, don haka ƙaramin gyara ya fi tsada a kan kowace mita. Bene ya fi gidan ƙasa tsada, rufi mai tsini da lunguna da yawa ya fi shimfiɗaɗɗe. Yaye tsohon kwano da kwashe shi aiki ne da ake biya, ko da yake tsohon ƙarfe da alminiyam suna da daraja a wurin masu sayen su, don haka a rubuta tun farko na wane ne. Akwai kuma matsalar dacewa. Bayan shekara tara launin kwanonka ya koɗe, kuma in an daina yin mai irin tudu da kwarinsa, sabon falle ba zai zauna daram a kan tsohon ba. Wannan kaɗai yakan tilasta a canza ɓari guda cur.

Inda kuɗi yake tsere wa mutum shi ne ƙarƙashin rufin. Katakon da ya sha ruwa ya fara ruɓewa, silin da ya kumbura, abin tare zafi da aka shimfiɗa a ciki, wayoyin lantarki, fentin bango. Kayan gini da suka jiƙe, in ba a busar da su cikin awa 24 zuwa 48 ba, funfuna tana iya kama su. Saboda haka in an sami huji, a rufe shi da tampol yau ɗin nan, a ɗaure shi da katako, kada a jira a gama ciniki. Tampol ɗin zai kuma saya maka lokaci, domin bayan babbar ƙanƙara kowa a unguwa mai gyara yake nema, farashin kaya da na aiki su tashi tare. Wanda ya tare ruwa ya jira makonni kaɗan yakan sami aiki mafi kyau a kuɗi mafi sauƙi.

Maganar inshora kuwa, ka sanar da kamfanin yanzu, a rubuce, domin yawancin yarjejeniyoyi suna da wa'adin kai rahoto. Kada ka bari a yaye ko falle ɗaya kafin jami'insu ya zo ya gani, in ban da tare ruwa na wucin gadi, shi ma ka ajiye rasit. Ka buɗe takardar yarjejeniyarka ka nemi kason da kai za ka fara biya daga aljihunka kafin su biya sauran. Wasu kamfanoni ƙayyadadden kuɗi suke sawa, wasu kuma kaso ne na darajar gidan. In kashi 2 cikin ɗari ne, ɓarnar kuma ta kai kashi 3 na darajar gidan, kashi ɗaya bisa uku na gyaran kawai za su biya. Ka duba kuma ko kuɗin sabon rufi suke biya ko sai sun cire tsufansa. Rufin da aka ƙiyasta masa shekara 30, in ya yi tara, za su iya zabge kashi 30 cikin ɗari. Abin da ya fi shafarka shi ne wani sharaɗi da wasu kamfanoni suke sa wa masu rufin kwano: cewa ba a biyan ɓarnar da ta tsaya ga kyan gani. In yana cikin takardarka, lotsewa zalla ba za ta kawo maka diyya ba, sai huji da tsagewa da sakin haɗi. Ka ga amfanin allin nan da hotunan. In da hali, mai gyaran da ka amince da shi ya kasance a wurin ranar da jami'in zai hau.

Ga ra'ayina a kan halin da ka bayyana. Rufi mai shekara tara, ɓarna ta ɓari ɗaya, tabo a ɗaki ɗaya: ban ga hujjar yaye shi gaba ɗaya ba, sai in binciken ya nuna huji da fashewar fenti sun bazu a kowane ɓari, ko kwanon tun asali siriri ne kuma tsatsa ta riga ta ci shi, ko katakon ya lalace. Facin gam kuma ba na yarda da shi sai a matsayin tsayar da ruwa na ɗan lokaci, don rana tana busar da shi ya ɓare. Abin da ya fi kama da gaskiya yana tsakanin biyun: a cire duk fallen da ya huje ko ya saki a sa sabo, a canza kwanon ƙololuwa da na kwari in sun bugu, a sake ƙusoshi da robobinsu a ɓarin nan duka, a gyara silin bayan katakon ya bushe. Idan lissafin wannan ya haura rabin kuɗin sabon rufi, a nan ne zan ce ka sake tunani. In ya kai ga sabo, ka sayi kwano mai kauri, ka kuma tambayi ko an gwada shi da ma'aunin UL 2218, wato gwajin jure dukan ƙanƙara. Mataki na 4 shi ne mafi girma, ana sakin ƙwallon ƙarfe mai faɗin santimita 5 daga tsayin kusan mita 6 a kansa. Amma ka sani gwajin na tsagewa ne da hujewa, kwanon da ya ci shi ma yana iya lotsewa.

Ka koma wurin mutanen nan biyu, ka ƙara da na uku, ka ba su aiki iri ɗaya su yi masa farashi a rubuce: falle nawa, kaurin milimita nawa, wace irin ƙusa, kuɗin aiki daban, kwashe tsoho daban, da kuɗin kowane katako in an buɗe an tarar ya ruɓe. Mai cewa a yaye duka ya kai ka ya nuna maka hujin, ko ya kawo hotonsa da alli a zagaye. Ka yi hattara da masu ƙwanƙwasa ƙofa bayan ƙanƙara, waɗanda ba a san mazauninsu ba, masu matsa maka ka sa hannu nan take, kuma kada ka bar baƙo ya hau rufinka ba tare da naka mutum ba, don akwai masu ƙara ɓarna da guduma. Kafin alƙalami kada ya wuce kuɗin kayan da za a sauke a gabanka. Cikon kuma ka riƙe wani abu daga ciki har sai an zuba ruwa da tiyo a kan wurin da aka gyara, wani yana cikin silin da tocila yana dubawa.