Maɓallin Dannawa Ko Na Cikin Allo: Wanne Ya Fi a Waya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina riƙe da Samsung Galaxy S7, yanzu batirinta ya gaji, ina so in canza. Duk wayar da na duba ba ta da maɓallin nan na ƙasa da ake dannawa, sai wasu alamomi uku a cikin allo, wasu ma ko alamomin babu, wai sai dai a riƙa jan yatsa. Ni kuwa na saba da abin da zan danna in ji ya dannu. Shin na cikin allo sun kai na zahiri aiki? Kuma idan allon ya sandare, ta ina zan fita? Ko dai in nemi wata irin tawa in saya?

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, domin ita ce mai hatsari: kada ka sake sayen S7. Waya ce ta 2016, ta tsaya a kan Android 8, kuma Samsung ta daɗe da daina aiko mata da gyaran tsaro. Manhajojin banki da na aika saƙo kan janye jiki daga tsofaffin wayoyi sannu a hankali, wata rana ka wayi gari ɗaya daga cikinsu ta ƙi buɗewa. Maɓalli ɗaya bai kai a yi wannan kasadar saboda shi ba.

Yanzu ɗauko wayar taka ka dubi ƙasanta da kyau. A cikin maɓallai ukun da ke wurin, guda ɗaya ne kawai yake dannuwa, wato na tsakiya mai mayar da kai shafin farko. Na hagu da na dama, mai nuna manhajojin da ka buɗe da mai komawa baya, babu abin da ke motsi a ƙarƙashinsu. Taɓawa kawai suke ji, ta hanyar da allon kansa yake jin yatsa, sai su kawo ɗan haske. Ka ga ke nan biyu cikin uku na abin da ka saba da shi tun asali ba na dannawa ba ne. Kuma a aikin yau da kullum mutum ya fi yawan taɓa na komawa baya. Sauyin da ke gabanka bai kai girman da kake zato ba.

Batun sandarewar allo kuma, mutane da yawa na da wannan fargabar, amma ba a wurin da ya dace suka ajiye ta ba. Maɓallin tsakiyar S7 ba shi da wata hanya ta daban da yake bi. Idan ka danna shi, saƙo yake aika wa Android, ita ce ke yanke abin da za a yi. In manhaja ɗaya ce ta maƙale, maɓallan cikin allo ma suna aiki, domin ba wannan manhajar ce ke zana su ba, tsarin wayar ne. In kuwa tsarin ne gaba ɗaya ya tsaya cak, ko ka danna na zahirin har yatsanka ya yi ciwo ba abin da zai faru. Abin da ke ceton waya a irin wannan hali shi ne maɓallan gefe, kuma suna nan ba a cire su ba. A wayoyin Samsung sai ka haɗa na kunnawa da na rage sauti ka riƙe na wasu daƙiƙoƙi, wayar ta mutu ta sake tashi. A wasu kuma na kunnawar kaɗai ake riƙewa ya ɗan jima. Inda na zahiri ke da ɗan rinjaye shi ne idan gilashin ya fashe ta ƙasa har wurin ya daina jin yatsa, to a nan kam an rasa alamomin uku a lokaci guda. Sai dai waya mai irin wannan raunin dama wurin mai gyara ta nufa.

Ban ce maɓallin dannawa ba shi da abin da ya fi na allo ba. Yana da shi, kuma masu kewarsa ba rigima kawai suke yi ba. Babban abin shi ne hannu na gane shi ba tare da ido ba. Ka zura hannu aljihu, babban yatsanka ya sauka a kan ɗan tudun nan, kafin wayar ta fito ta riga ta karanta zanen yatsanka ta buɗe. Tana kwance a kan tebur, ka danna da ɗan yatsa ɗaya ka ga lokaci. Hannunka na jiƙe ko kana sanye da safar hannu, yana dannuwa, alhali allo ruwa na ruɗa shi, safa kuma na hana shi jin fata. Sannan ba ya ɓuya. Tun Android 4.4 ta 2013 aka bai wa manhajoji damar ɓoye maɓallan allo idan ana kallon bidiyo ko ana wasa, don haka sai ka ja yatsa daga gefe sun bayyana kafin ka taɓa. Aiki ɗaya ya koma biyu. Ga mai raunin gani ko dattijon da hannunsa ke rawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To me ya sa aka cire? Wuri. Duk maɓallin da ke dannuwa yana buƙatar rami a gilashi da kayan aiki a bayansa, shi ya sa tsofaffin wayoyi suke da wata faffaɗar haɓa a ƙasa wadda ba ta nuna komai. Abin da ke motsi kuma yana lalacewa: ƙura ta shiga, maɓallin ya saki, ya fara sai an danna da ƙarfi. Masu iPhone na da sun san wannan sosai, har da yawansu suka koma amfani da ɗan da'irar nan mai yawo a allo, AssistiveTouch, don su lallaɓa na zahirin kada ya mutu. Ramin kuma ƙarin ƙofa ce da dole a toshe idan ana son waya ta jure ruwa.

Google ce ta fara nuna inda aka dosa. Wayar Android ta farko, HTC Dream ta 2008, cike take da maɓallai, har da ɗan ƙwallon da ake murzawa da allon rubutu mai zamewa. A ƙarshen 2011 Galaxy Nexus, wayar Google da Samsung ta ƙera mata, ta fito da Android 4.0, fuskarta babu maɓalli ko ɗaya, duka sun koma cikin allo. A lokacin masu ƙorafi na da gaskiya: tsawon allonta ɗigo 1280 ne, layin maɓallan ya cinye 96, aka bar wa mai waya 1184. Ka sayi allo, an yanke maka wani yanki, kuma haɓar tana nan ba ta tafi ba. Samsung ta ƙi bi har sama da shekara biyar a manyan wayoyinta, sai a 2017 ta sauke maɓallin a Galaxy S8, wato magajiyar taka, ta miƙar da allon ya yi tsawo. A shekarar ce Apple ma ta cire nata a iPhone X. Da alluna suka yi tsawo haka, ƙorafin cin wuri ya mutu da kansa, domin wurin da alamomin ke zaune yau shi ne inda haɓar take a da.

Akwai aibi ɗaya na maɓallan allo da ya kamata ka sani. A allo nau'in OLED, duk abin da ya daɗe a wuri ɗaya yana haske zai iya barin inuwarsa har abada, saboda ɗigogin wurin sun riga sauran tsufa. An yi ta magana a kan haka da wayar Google Pixel 2 XL ta fito a 2017, har Google ta sa alamomin su riƙa dusashewa idan ba a taɓa su. Wayoyin yanzu sun fi iya kare kansu, amma mai barin hasken allo a ƙure kullum zai iya ganin alamar bayan shekaru.

Zaɓin da ke gabanka a zahiri yanzu tsakanin abu biyu ne, alamomi uku ko jan yatsa. Jan yatsan ya zama cikakken tsari a Android 10 ta 2019: ka ja daga ƙasa zuwa sama ka koma shafin farko, ka ja ka ɗan tsaya ka ga manhajojin da ke buɗe, ka ja daga gefen hagu ko dama ka koma baya. Ba sabon tunani ba ne, Palm Pre ta 2009 da Nokia N9 ta 2011 sun riga kowa, kasuwa ce ba ta yi da su ba. A babbar waya ina ganin jan yatsa ya fi sauƙi ga mai riƙe ta da hannu ɗaya, domin komawa baya na nan duk inda babban yatsa yake, ba sai ya gangara can ƙasa ba. Amma yana da nasa ciwon kai. Wasu manhajoji na da jerin zaɓi da ake jawowa daga gefen hagu, sai ka je jawo shi wayar ta ɗauka baya kake son komawa. Kana yanke hoto, ka kama gefensa, ta fitar da kai. Rigar waya mai kaurin baki ma kan hana yatsa isa ƙarshen gilashin.

Kai dai shawarata gare ka ita ce alamomi uku. Abin da ka saba da shi shi ne kowane aiki na da mazauninsa, kuma wannan tsarin ya riƙe maka haka. Idan ka sayi Samsung za ka tarar da jerin yadda ka baro shi, komawa baya a dama, manhajojin da ke buɗe a hagu. Wayoyin Google da wasu da dama a hagu suke sa komawa baya, amma yawancin kamfanoni na barin mutum ya juya jerin. Ka shiga saitin wayar, sashen allo ko na tsarin waya, nan za ka ga inda ake zaɓa tsakanin maɓallai da jan yatsa, kuma ana iya sauyawa a kowane lokaci. Ka kunna ɗan girgizar da waya ke yi idan an taɓa maɓalli, ita ce za ta maye maka gurbin jin dannuwar nan. Ka kunna taɓa allo sau biyu don tayar da shi, ka samu abin da kake yi da wayar tana kan tebur. Ga wata dabara da mutane da yawa ba su sani ba, ko da yake tana nan tun Android 7: taɓa alamar manhajojin da ke buɗe sau biyu da sauri, za ta mayar da kai manhajar da ka baro.

In kuwa aikinka na safar hannu ne, ko na ruwa da ƙura, ka duba wayoyin da aka ƙera don aikin ƙarfi, irin jerin Galaxy XCover, waɗanda ke da ƙarin maɓalli a gefe da za ka ɗora wa aikin da kake so, kuma ana iya ƙara wa allonsu jin taɓawa. A ɓangaren Apple, iPhone SE ta 2022 ce ta ƙarshe mai maɓallin tsakiya, an kuma daina sayar da sabuwarta a farkon 2025. Ko ita ɗin ma kada ka bi ta don neman abin dannawa. Tun daga iPhone 7 ta 2016 maɓallin ba ya motsi, wata 'yar na'ura ce a ciki ke bugawa ta sa yatsa ya ji kamar ya dannu. Ka kashe wayar ka danna shi, za ka ji gilashi ne kawai a ƙarƙashin yatsanka.