Ku Tambaya Mu Amsa: Waƙoƙi na cikin laftof, kebul ya ƙi aiki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne, ina jigila tsakanin Katsina da Jibiya. Ƙanena da ke karatu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kwashe tsofaffin kaset na mahaifinmu, Allah Ya jiƙan shi, ya zuba su cikin laftof ɗinshi. Akwai kiɗan kalangu, akwai na kukuma, akwai wa'azi, duka sun kai gigabait 3. Ina son su dawo cikin wayata Tecno in riƙa saurare a hanya. Kebul ɗin da muke da shi caji kawai yake yi. Mun kunna Bluetooth tun bayan La'asar, har aka kira Isha'i ko rabi ba a yi ba, daga nan ma ya yanke. Data kuma ka san yadda take yanzu. Ina mafita?
*Mai karatu daga Ƙofar Marusa, Katsina*

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba, Ya kuma yi wa ƙanen nan naka albarka, don aikin da ya yi ba ƙarami ba ne. Kaset in ya daɗe a ajiye zarensa mannewa yake yi.

Bluetooth bai yi maka laifi ba, lodin tirela ka ɗora wa Keke Napep. Waƙa guda mai megabait 5 takan ci masa rabin minti zuwa minti ɗaya. Gigabait 3 kuwa daidai yake da irin wannan waƙar guda 600, ka ga ana maganar awa biyar zuwa goma ke nan, in har ba a kira ka ba, ba ka ɗauki wayar ka fita tsakar gida ba. Nisansa bai wuce mita 10 ba, bango kuma yana rage shi.

Abin da zai fisshe ka shi ne Wi-Fi, kuma ko sisin kwabo na data ba za ka kashe wajen turawar ba. Mutane da yawa da ke zuwa shagona suna ɗauka in an ce Wi-Fi to intanet ake nufi. A'a. Waya da laftof suna iya haɗuwa su yi ta miƙa wa juna kaya a cikin ɗaki, ko da babu sabis a garin gaba ɗaya.

Ga yadda nake yi. Akwai wata manhaja da ake kira LocalSend. Kyauta ce, ba ta da tallace-tallace, ba ta neman ka buɗe asusu, kuma tana aiki a Windows da Android da iPhone. Ka sauke ta a wayarka daga Play Store, ƙanenka kuma ya sauke ta kwamfuta daga shafinta, localsend.org. Nan kaɗai za a taɓa data, sau ɗaya, kuma in ya koma makaranta ya samu intanet a can sai ya sauke, a huta.

In an gama wannan, ka fara kashe datar wayarka. Ka kashe ta tukuna, sannan ka kunna hotsifot, wato Wi-Fi ɗin da wayarka ke bayarwa don wata na'ura ta hau. Ina nanata wannan ne saboda Windows da ya ji ƙamshin intanet sai ya hau sabunta kansa a ɓoye, kafin ka ankara an turo maka saƙon cewa datarka ta ƙare. Sai laftof ya nemi sunan hotsifot ɗin, a sa lambar sirri, ya haɗu. Zai rubuta cewa babu intanet. Kada wannan ya dame ku, haka muke so.

Ku buɗe LocalSend a duka biyun. Karon farko Windows zai fito da wani akwati yana tambaya ko a bar manhajar ta wuce katangar tsaronsa. A nan yawancin mutane ke faɗuwa: sai su danna soke don sauri, daga nan wayar ta ƙi bayyana, su ce manhajar ba ta aiki. Akwai ƙananan gurabu biyu a akwatin, ɗaya na Private ɗaya na Public. Ku sa alama a dukansu, ku amince. In akwai VPN, wato manhajar da ke ɓoye hanyar da mutum ke bi a intanet, a kunne a waya ko a laftof, a kashe shi.

Za ka ga manhajar ta laƙaba wa wayarka wani suna na ban dariya da Turanci, irin na 'ya'yan itace. Ba wayar wani ba ce, taka ce. A laftof ɗin a shiga Send, a zaɓi folda sukutum, a danna sunan wayar, kai kuma ka amsa a wayarka. Ka bar fuskar wayar a kunne, ka sa ta a caji, domin hotsifot yana shan batir yana kuma sa waya ɗumi. Gigabait ukun nan, in wayar na kusa da laftof, tsakanin kwata zuwa rabin awa sun wuce. Za ka same su a foldar Download, sai ka maida su Music.

Kafin a fara, duba sararin da ya rage a wayar. In bai kai gigabait 4 ba, ka rage bidiyoyin WhatsApp ko ka sa memori.

In laftof ɗin tsoho ne sosai, irin masu Windows 7 da har yanzu suke yawo a hannun ɗalibai, sabbin manhajoji kan ƙi hawa kansa. To Xender ɗin da ke wayar kowa zai yi aikin. Ka shiga wajen haɗawa da kwamfuta, ka zaɓi hanyar hotsifot, zai ba ka wani adireshi na lambobi da ɗige-ɗige. A rubuta shi daidai a saman burauzar laftof, a ja waƙoƙin a saki a shafin. Yana yi, sai dai tallansa ya yi yawa, kuma sai ka kula da inda kake danna yatsa. Akwai kuma Quick Share na Google, wanda a da ake kira Nearby Share kafin a sauya masa suna a 2024. Yana cikin yawancin wayoyin Android tun asali, amma na kwamfutar sai Windows 10 ko 11 mai bit 64.

Batun kebul kuwa, biyu ne. Wasu masu arha wayoyin wuta kawai aka saka musu a ciki, babu na ɗaukar bayanai, ko shekara za ka yi ba za su tura komai ba. Wani lokacin kuma kebul ɗin lafiyarsa lau, wayar ce ke jira ka jawo saman fuskarta ka zaɓi File transfer. Gwada wannan ma, don kebul mai kyau har gobe ba ya ba da kunya.

Shawarata ta ƙarshe gare ka: kada ƙanenka ya goge na cikin laftof don an tura maka. Wayar direba tana faɗuwa, tana ɓata a tasha. A sa kwafi na uku a filashi, a ba Inna ta ajiye.

Tambaya: Ɗana ya aiko mini da iPhone daga Abuja. Karatun Alƙur'ani da tafsirin da nake saurare suna cikin kwamfutar 'yata. Mun yi ta fama da Bluetooth, wayar tana ganin kwamfutar amma ba ta karɓar komai. Ko wayar ce ta lalace?
*Wata uwa daga Daura*

Amsa: Hajiya, barka da arziki, Allah Ya ƙara wa yaro buɗi. Wayarki ƙalau take. Kamfanin Apple ne bai bar iPhone ta karɓi fayil ta Bluetooth daga Windows ba. Bluetooth ɗinta na abin kunne ne da sifika da rediyon mota.

Ga abin da 'yarki za ta yi. Ta sauke miki VLC, manhajar kunna sauti da bidiyo, daga App Store, wannan mai hoton mazubi ruwan lemo da fari. Sannan a haɗa iPhone da kwamfutar a kan Wi-Fi ɗaya. A nan akwai ɗan bambanci da abin da na gaya wa direbanmu na sama: hotsifot na iPhone ba ya kunnuwa sai data na kunne. Don haka a ari wayar Android ta wani a gidan, a kashe datarta, a kunna hotsifot ɗinta, iPhone da kwamfutar duka su hau kai. Ƙaramar na'urar Wi-Fi ta gida ma za ta yi, ko da kuɗinta ya ƙare.

A cikin VLC ta shiga Network, ta kunna Sharing via WiFi. Adireshi zai fito a ƙasansa. Ta rubuta shi a burauzar kwamfuta, shafi zai buɗe, ta ja surorin ta saki a ciki. Kada a fita daga VLC ko a bar wayar ta yi duhu sai an gama.

Abu ɗaya da zan roƙa mata: kafin ta tura, ta duba sunayen fayilolin. Su fara da lamba mai gida uku, 001, 002, har 114. In aka rubuta 1, 2, 10 kawai, wasu manhajojin sai su jera ta 10 da ta 100 kafin ta 2, ki gama Fatiha ki ji an tsallake Baƙara an faɗa Yunus. Ki kuma sani karatun zai zauna ne cikin VLC, ba cikin manhajar kiɗa ta Apple ba, don haka can za ki riƙa nemansa.

Tambaya: Malam na tura waƙoƙi 40 daga kwamfutar ofis, sun shiga, amma wasu sun ƙi bugawa, wasu kuma ko ganinsu ba na yi.
*Ɗalibi daga Sabuwar Unguwa, Katsina*

Amsa: Ƙanena, buɗe manhajar fayiloli ta wayarka ka dubi ƙarshen sunan waɗanda suka ƙi. In ka ga .wma, tsohon tsarin Windows ne, wanda Windows Media Player kan yi amfani da shi in an kwafi faifan CD. Manhajojin kiɗa da yawa na Android ba sa karanta shi, VLC kuwa yana bugawa.

Sannan dubi nauyinsu. MP3 na yau da kullum yakan ci kusan megabait ɗaya a kowane minti. In ka ga "waƙa" mai kilobait 1 ko 2, ba waƙa ka turo ba, alamar gajeriyar hanya ce kawai, ainihin fayil ɗin yana can. In kuma irin waɗannan sun cika foldar, ko ka ga mai ƙarewa da .exe, to kwamfutar nan ta kamu da bairos ɗin da ke yawo a filashi. Goge su daga wayar, kuma kada ka sake soka memorinka a jikinta sai an wanke ta.

Waɗanda ba ka gani kuwa, leƙa foldar Bluetooth ko Download. Maida su Music, ka kashe wayar ka kunna, manhajar kiɗan za ta sake lissafa su.