Zanzibar a Afrilu ko a Agusta? Amsa ga wani malami daga Damagaram

Tambaya: Assalamu alaikum, Alhaji. Ni malamin makaranta ne a nan Damagaram, ina zaune Garin Malam. Shekara biyu ina tara kuɗi don in kai maiɗakina tsibirin Zanzibar da ke ƙasar Tanzaniya, alkawari ne na yi mata tun kafin aure. Babban hutuna daga Yuli ne zuwa Satumba, amma kowa cewa yake damina ce, ruwa zai tsare mu a ɗaki. Wani mai tallar tafiye-tafiye a WhatsApp ya ce in nemi izini in tafi a Afrilu tunda rani ne, otal ma ya fi araha, amma in tura kafin alƙalami kafin Juma'a. Wallahi abin ya hana ni barci, ina tsoron in zubar da gumin shekara biyu. Yaushe ya kamata mu tafi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a wannan niyya. Kafin komai, kada ka tura wa mutumin nan ko dala. Hutun da kake kuka da shi, shi ne lokacin da masu sanin wurin ke rububin zuwa. Daga Yuni zuwa Oktoba Zanzibar a bushe take, da sanyi-sanyi, zafin rana ba ya cika wuce digiri 30. Afrilu kuwa shi ne tsakiyar babbar daminarsu, wadda suke kira Masika, daga Maris zuwa Mayu.

Wannan kuskure kusan kullum sai na ci karo da shi a ofishinmu na shirya tafiye-tafiye, har na gaji da maimaita magana ɗaya. Mutum ya ɗauki kalandar Damagaram ya sa a aljihu, yana zaton duniya duka da ita take aiki: in muna marka kowa na marka, in muna bazara kowa na bazara. Zanzibar tana kudu da ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu, mu muna arewa. Hadarin damina rana yake bi. Yana ratsa su a kan hanyarsa ta zuwa arewa a Maris, Afrilu da Mayu, ya iso mana a Yuli da Agusta, sannan ya sake ratsa su da ƙaramar damina mai suna Vuli wajen Nuwamba in zai koma kudu. Mu sau ɗaya yake ziyartarmu, su sau biyu. To ka ga ranar da manomin Mirriya ke maimai a gonar gero, sararin Zanzibar garau yake.

Kuma akwai abin da ke ruɗar mu mutanen Damagaram musamman. Mu da muka tashi muna jiran ƴan ga-ruwa, in aka ce mana wuri na da ruwan sama sai mu ce alhamdulillahi, rahama ce. Ruwan da muka sani shi ne hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso da ƙura, a zuba na awa ɗaya, gari ya washe, yara su fito wasa. Masika ba haka take ba. Ruwan da muke samu a nan a shekara guda wajen milimita 400 ne, kuma kusan hakan ne ke sauka a birnin Zanzibar a watan Afrilu kaɗai. Rana tana leƙowa, ban ce ba ta fitowa ba, amma ana iya kwana biyu ko uku ana abu ɗaya. Wasu otal-otal na bakin teku ma rufewa suke a lokacin su yi gyare-gyare. Arahar da aka faɗa maka gaskiya ce, sai dai mai tallar bai faɗa maka dalilinta ba.

Akwai wani ɗan kasuwa da ya zo wurina, na ba shi wannan shawara ya ƙi, wai zafin Afrilu yake gudu, kuma abokinsa ya nuna masa bidiyon farin yashi a TikTok. Da ya dawo ya buɗe mini jakarsa a kan tebur. Takalminsa na fata ya yi funfuna fari fat, shaddar da ya wanke tun kwana na biyu har ya baro garin ba ta bushe ba, warin danshi ya cika ofis. Kwana shida ya yi, huɗu daga ciki ta taga ya kalli teku. Wanda ya sayar masa da tafiyar kuwa ya daina ɗaukar waya. Irin waɗannan ne ke ba ni haushi. Ba su taɓa ganin teku ba, ba su da ofis, ba su da rasit, sai hoto da "saura gurbi biyu, a yi sauri." Duk wanda ya sa maka wa'adin Juma'a a kan tafiyar da ke da sauran watanni, so yake ka biya kafin ka yi tambaya.

Asarar kuɗi ma da sauƙi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mutanenmu na amfani da wannan lissafi a sauran tsibiran Tekun Indiya, inda maganar ta rai ce. A Madagaska, Morishiyas da Komoros, lokacin manyan guguwar teku daga Nuwamba ne zuwa Afrilu, wato daidai lokacin da mu muke cikin hunturu da rani muna ganin gari lafiya lau. Guguwar Kenneth ta bugi Komoros a Afrilun 2019, Freddy ta afka wa Madagaska a Fabrairun 2023, Chido ta ragargaza tsibirin Mayotte a Disambar 2024. Maldives kuma akasin haka ce, daga Disamba zuwa Afrilu take bushewa. Kowane tsibiri da kalandarsa, sai an tambaya ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu ga gaskiyar da ta shafi Agustan naka, don kada ka ce na ɓoye maka. Rashin ruwan sama ba ya nufin teku na kwance. A watannin nan iskar kudu da suke kira Kusi ke kaɗawa, kuma tana tayar da igiyar ruwa. Jirgin ruwan Skagit da ya kife tsakanin Dar es Salaam da Zanzibar a Yulin 2012, cikin irin wannan iska ne, sama da mutum 100 suka mutu ko suka ɓace. Saboda haka ka yanki tikitin da zai sauke ku kai tsaye a filin jirgin saman Zanzibar, ta Adis Ababa. In za ku shiga kwale-kwalen yawon buɗe ido, ku fita da safe, ku sa rigar ceto, in kun ga an cika shi maƙil ku jira na gaba. Ka kuma tuna teku ba tafkin bayan gari ba ne. A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani, ruwa na janyewa nesa har mata su shiga noman ciyawar teku, bayan ƴan awoyi ya dawo ya rufe wurin. Ku tambayi mutanen otal lokacin dawowarsa kafin ku taka. In wanka kuke so ba tare da wannan lissafi ba, ku sauka Nungwi ko Kendwa a arewa.

Takardu kuwa ka fara su tun yanzu: fasfo na ku biyu, biza, da katin rigakafin shawara, domin Tanzaniya na neman sa daga masu zuwa daga Nijar. Tun 1 ga Oktoba 2024 akwai inshorar dole ta dalar Amurka 44 ga kowane baƙo, ka sa ta a lissafi. Ku ga likita kan maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro.

In ni ne kai, farkon Satumba zan zaɓa. Turawa sun fara komawa gida, cunkoso ya ragu, Vuli ba ta iso ba, kuma za ka dawo da sauran kwanaki kafin a buɗe makarantu a Oktoba. Ka zo da ranakun da kake so mu duba farashin tikiti tare. A gaida amarya.